Tabon da ya ƙi tsayawa: allura, silikon, tiyata ko gashi da na'urar haske?

"Likita, ba za a yanke shi kawai a huta ba?" Wannan ita ce tambayar da aka fi ji a kan wani irin tabo mai tudu, wanda a asibiti ake kira kiloyid. Wani lokaci uwa ce ke yi, ta ɗaga hijabin 'yarta ta nuna ƙullutu kamar ƙwayar goro a bayan kunne, inda aka yi huda ta biyu. Wani lokaci saurayi ne ya kwance maɓallin riga, ga wani tudu mai sheƙi ya miƙe a tsakiyar ƙirji, asalinsa ɗan ƙurji ne da aka matse shekara uku baya. Yanka shi kaɗai shi ne zaɓin da ya fi kowanne muni: alƙaluman da littattafan tiyata suka daɗe suna kawowa sun nuna yana dawowa a kashi 45 zuwa 100 cikin ɗari, kuma sau da yawa ya fi na farko girma. Dalilin haka yana can cikin yadda jiki yake ba da umarnin ɗinke rauni, kuma sai an san wannan umarni ake iya auna sauran hanyoyin.

Wa ke saƙa, wa ke ba da umarni

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin majema a Sakkwato ya ga abin da ake magana a kai. Idan an jiƙa fatar jar akuya, an kankare gashi, an cire nama da kitse, abin da ya rage ake tsomawa cikin ruwan bagaruwa shi ne saƙar da ke riƙe fata. Zare ne da ƙwayoyin halitta suka fitar suka jera a tsakaninsu. Babban zaren sunansa kolajin, akwai kuma wani mai talewa da wasu masu haɗa zare da ƙwaya. Ƙwayoyin da ke wannan aiki ana kiransu faibirobilas. A nan za mu ce musu masaƙa.

Masaƙa ba sa ɗaukar aiki sai an aiko musu. Da an ji rauni, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan fashe su saki sinadaran aike guda biyu masu muhimmanci. Na farko, PDGF, yana kiran masaƙa zuwa wurin ya sa su hayayyafa. Na biyu, TGF-beta, shi ke cewa a fara saƙa. Bayan kwana biyu zuwa uku ƙwayoyin garkuwar jiki masu share rauni sukan iso su ci gaba da fitar da su, tare da wani mai suna VEGF da ke jawo sabbin hanyoyin jini. Shi ya sa sabon tabo yake da ɗumi da duhun launi.

TGF-beta ba ya shiga cikin ƙwaya. A bakin ƙofa yake tsayawa, ya zauna kan wani mai karɓar saƙo da ke jikin bangon ƙwayar, wannan ya jawo abokin aikinsa, shi kuma ya buga wa wasu 'yan aike na ciki, Smad2 da Smad3, hatimin fosfet. Su biyun su haɗu da Smad4 su wuce cibiyar ƙwayar inda ake ajiye bayanan gado, su buɗe shafukan da ke ɗauke da yadda ake yin kolajin. Abu uku ke faruwa a lokaci ɗaya. Ana ƙara yawan zare. Ana rage masu warware tsohuwar saƙa, wato sinadaran MMP, a ƙara waɗanda ke daƙile su. Sannan wasu masaƙan sukan rikiɗe su zama masu ja, su riƙa tattaro bakin rauni wuri ɗaya. Saƙon yana zuwa da birkinsa: shi da kansa yake sa a yi Smad7, wanda ke komawa bakin ƙofa ya toshe hanya. A mai lafiyayyar fata umarnin yakan lafa cikin 'yan makonni, masu ja su mutu, a maye gurbin siririn zaren farko da mai kauri, tabo ya riƙa kwantawa har tsawon shekara ko fiye. Ko ya warke sarai, ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na fatar da ba a taɓa ba.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, kuma shi ne ya fi amfani wajen zaɓen magani. Jiki yana ajiye TGF-beta a naɗe a cikin saƙar kanta, kamar wasiƙa a ambulan. Idan aka ja saƙar, ambulan ya buɗe. Ja yana sakin saƙo, saƙo yana ƙara zare, zare yana ƙara tauri, tauri yana ƙara ja. Fatar tsakiyar ƙirji tana miƙewa da kowane numfashi, kusan sau 20,000 a rana, ban da miƙa hannu. Kafaɗar manomi da ta ɗan kabu-kabu ba ta hutawa. Shi ya sa kiloyid ya fi son ƙirji da kafaɗa da saman baya da gefen muƙamuƙi, da wuya kuma a gan shi a tafin hannu ko fatar ido. Na ƙirji yakan bi layin ja ya miƙa ƙafafu dama da hagu. Likitan Faransa Alibert, da ya bayyana shi a 1806, daga kalmar Girkanci mai nufin dagin ƙaguwa ya ciro masa suna.

A jikin mai kiloyid masaƙa sun fi jin saƙon, suna yin nasu TGF-beta su aika wa kansu, birkin Smad7 kuma ya yi rauni. Kolajin da suke fitarwa yakan kai kusan ninki 20 na fata mai lafiya. Abin yana bin dangi, ya fi yawa ga baƙar fata, ya fi tasowa tsakanin shekara 10 zuwa 30. An taɓa sa rai a kan wani ɗan'uwan wannan sinadari, TGF-beta3, wanda yake da yawa a jikin ɗan tayi, inda rauni ke warkewa ba tabo. Wani kamfanin Ingila ya yi maganinsa da sunan Juvista, amma a 2011 ya faɗi babban gwajinsa. Don haka duk hanyoyin da ke hannu a yau zagaye suke yi: wata ta rage masu aiko saƙo, wata ta rage masaƙa, wata ta rage ja.

Da farko a tabbata kiloyid ne

Tabo mai tudu iri biyu ne. Akwai wanda ke tashi cikin mako huɗu zuwa takwas bayan rauni, ya tsaya daidai kan layin raunin bai ƙetare ba, sannan ya fara kwantawa da kansa bayan wata shida zuwa shekara ɗaya ko biyu. Irinsa ne ake yawan gani a ɗinkin tiyatar haihuwa da kuma ƙunar ruwan zafi ko garwashi da yara ke yi da hunturu, musamman idan ƙunar ta wuce mako uku ba ta rufe ba. Wannan silikon (faifai mai laushi kamar roba da ake mannawa a kan tabo) da matsi da haƙuri sukan ishe shi. Kiloyid kuwa yana iya jiran watanni kafin ya fito, yana cin lafiyayyar fatar da ke gefe, ba ya komawa da kansa, yana ƙaiƙayi da suka.

Tudun da ya fito ba tare da rauni ko ƙurji ba, yana girma da sauri, ko yana fashewa yana jini, a gutsuri kaɗan a kai ɗakin gwaji kafin a yi masa komai, domin akwai wata cutar dajin fata da ke kama da kiloyid sosai. Ƙurajen ƙeya da ke biyo bayan aski da reza kuma wani abu ne dabam: kumburin gindin gashi ne, matakin farko a daina aske wurin ƙwal.

Allurar cikin tabo

Ga mafi yawan mutane nan ya kamata a fara. Maganin sitiroyid ne mai suna tirayamsinolon, ana sayar da shi da sunaye irin su Kenalog, yana zuwa da ƙarfin miligiram 10 ko 40 a kowace mililita. Yana kwantar da ƙwayoyin garkuwa masu aiko saƙo, yana rage TGF-beta da VEGF, yana rage hayayyafar masaƙa, yana kuma sakar wa masu warware saƙa mara. Wato ya taɓa kusan kowace gaɓa ta umarnin. Rahotanni sun nuna kashi 50 zuwa 100 na tabo suna sauka da shi, amma kashi 9 zuwa 50 suna sake tasowa, kuma wannan faɗin tazara yana da alaƙa da hannun mai yi da kuma ko an kammala zuwa.

Ga yadda aikin yake idan an yi shi daidai. Maganin fari ne kamar madara kuma yana kwantawa a gindin kwalba, sai an girgiza sosai, in ba haka ba rabin farko ruwa ne, rabin ƙarshe ya yi kauri fiye da kima. Tabo mai tauri a ƙirji ko kafaɗa ana ba shi 40 ɗin yadda yake, ko a sirka shi ya koma 20. Na fuska, ko siriri, ko na yaro, 10 ya isa. Sirinji ƙarami ake so, mai mililita ɗaya, wanda bakinsa ke murɗewa ya kulle da allura, ko kuma na insulin da allurarsa ke manne. Dalilin shi ne tauri: ana danna magani cikin kiloyid kamar ana tura ruwa cikin tayar mota, sirinji mai bakin tusawa yakan fizge ya fesa wa mai yi da marar lafiya magani a fuska. Allurar tana shiga a kwance, cikin tsakiyar naman tabon, ana turawa ana janyewa a hankali, ɗan kaɗan a kowace santimita, har wurin ya yi fari-fari ya ɗan kumbura. Idan aka ji magani yana tafiya salin-alin ba tirjiya, an wuce tabon an shiga kitsen da ke ƙasa. A tsaya. Maganin da ya zuba can shi ke narkar da kitse ya bar rami da zoben fari kewaye da tabo. Idan kuma aka yi sama-sama, yakan taru ƙarƙashin fata kamar alli, wani lokaci wurin ya ɓare.

Ana maimaitawa duk mako huɗu, wasu uku, wasu shida. Likitoci da yawa ba sa wuce miligiram 40 a zama ɗaya ga babba, na yaro kuma ana auna shi da nauyinsa. Zaman farko shi ya fi zafi. Haɗa maganin kashe zafi a cikin sirinji ɗaya ba ya hana zafin matsi, ya fi kyau a kashe kewayen tabon tukuna ko a ɗora ƙanƙara na 'yan mintoci. Ƙaiƙayi da suka su ke fara tafiya, cikin kwanaki. Laushi yakan biyo baya, saukar tudu kuma sai zama na biyu ko na uku. Nan mutane da yawa ke kuskure: ƙaiƙayi ya tafi, sai su daina zuwa, bayan wata biyar abu ya dawo. Idan an yi zama uku ko huɗu da hannu mai kyau babu canji, ba a ci gaba da ƙara ƙarfi, a sauya hanya.

Babban aibinsa ga baƙar fata shi ne hasken da yake bari. Wurin yakan yi fari, wani lokaci ya ja siririn layi ya bi hanyar ruwan jiki, kuma yana iya ɗaukar watanni har shekara kafin launi ya dawo. Budurwar da aka sa wa ranar biki nan da wata biyu, ya kamata a gaya wa mahaifiyarta wannan ƙarara: "Hajiya, tudun zai ragu, amma wataƙila ranar kamu wurin ya fi yanzu jan ido." Yana iya rikita al'adar mata na wata ɗaya ko biyu, yana ɗaga suga ga mai ciwon suga na 'yan kwanaki. Wanda kuma ya sayi kwalbar a kemis aka yi masa a ɗuwawu bai yi wa tabo komai ba, jikinsa kawai ya loda wa sitiroyid, idan aka maimaita sai kumburin fuska da hawan jini su biyo baya.

Idan aka haɗa da 5-FU

5-FU maganin cutar daji ne. Aikinsa hana ƙwaya kwafar bayanan gadonta, don haka masaƙan da ke ta rabuwa su yake fara kamawa. Gwajin ɗakin bincike ya kuma nuna yana katse umarnin TGF-beta kafin ya kai ga shafin kolajin. Yana zuwa da ƙarfin miligiram 50 a mililita. Haɗin da likitan fata na Amurka Richard Fitzpatrick ya bayyana a 1999 shi ne kashi tara na 5-FU da kashi ɗaya na tirayamsinolon mai ƙarfin 10, wasu kuma yanzu suna ƙara kason sitiroyid ɗin. Gwaje-gwajen da suka kwatanta su sun nuna haɗin ya fi sitiroyid shi kaɗai saukar da tudu, ramewar fata kuma ta fi ƙaranci tunda sitiroyid ɗin kaɗan ne.

Farashinsa ta wani gefen yake zuwa. Ya fi zafi. Wurin yakan yi duhu maimakon fari, wanda a ganinmu ya fi sauƙin ɗauka a baƙar fata, sannan yana iya ɓarewa ya zama ɗan miki na mako ɗaya ko biyu. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai shayarwa ko wadda ke neman ciki, ba a yi wa mai ƙarancin ƙwayoyin jini, kuma ana duba jini kafin a fara. Abin da ya fi yanke hukunci a nan shi ne zirga-zirga: a farko ana yinsa duk mako ko duk mako biyu. Mazaunin Mabera ko Arkilla zai iya. Wanda zai taso daga Illela ko Tambuwal ko Isa ya lissafa kuɗin mota da ranar aikin da zai rasa. Allurar wata-wata da aka kammala ta fi ta mako-mako da aka bari a zama na uku.

Silikon da matsi

Waɗannan biyu na rigakafi ne da riƙe abin da aka samu. Tsohon kiloyid mai tauri ba ya sauka da su, duk abin da aka rubuta a kwali. Faifan silikon an fara amfani da shi ne a Ostireliya a farkon shekarun 1980 kan masu ƙuna. Babu wani magani da ke fita daga jikinsa ya shiga fata. Sabon tabo yana zubar da ruwa ta sama fiye da fata mai lafiya, ƙwayoyin saman fata kuma idan suka ji bushewa sukan aika wa masaƙa cewa aiki bai ƙare ba. Silikon yana rufe wurin ya riƙe laima, sai wannan kira ya ragu. Yana kuma ɗauke ɗan ja daga bakin tabo.

Ana farawa bayan rauni ya rufe sarai an cire zare, kusan mako biyu. A yanka faifan ya zarce tabon da santimita ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe. A fara da awa huɗu a rana, a riƙa ƙarawa har a kai awa 12 zuwa 24, a ci gaba aƙalla wata biyu zuwa uku, mai tarihin kiloyid ya kai shida. Kullum a cire a wanke shi da sabulu marar ƙamshi, a bar shi ya bushe a iska, a wanke fatar ita ma. Matsalar Sakkwato ita ce bazara. A watan Afrilu da Mayu, zafi sama da digiri 40, gumi yakan taru ƙarƙashin faifan, kafin azahar ya zame ya naɗe cikin riga, fatar ta yi fari ta jiƙe kamar ta wanda ya daɗe a ruwa, ƙurajen zafi su feso. Idan haka ta faru a huta kwana biyu, sannan a koma ga silikon na shafawa: a shafa siriri sau biyu a rana, a jira minti huɗu zuwa biyar ya bushe kafin a sa tufafi. Faifan ya fi dacewa da dare da kuma lokacin hunturu, wanda shi ne ma lokacin da tabo ya fi ƙaiƙayi saboda bushewa. Wanda bai samu silikon ba, filastar takarda da aka manna a kan sabon ɗinki na tsawon wata uku tana rage ja, kuma ta fi barinsa haka nan.

Matsi kuwa yana aiki ne idan ya ɗan wuce ƙarfin jinin ƙananan jijiyoyi, kusan 24 zuwa 30 a ma'aunin da ake auna hawan jini. A ƙirji da wuya a samu wannan. A kunne kuwa yana da sauƙi, domin ana iya kama fatar gaba da baya da ɗan kunne mai faɗi mai matsewa ko faifan maganaɗisu biyu, awa 12 ko fiye a rana, wata shida zuwa shekara. Ɗankwali da hijabi suna rufe shi, don haka mata sun fi jure masa. Idan kunne ya fara zugi, ko ya yi sanyi, ko launinsa ya sauya, matsin ya yi yawa, a sassauta nan take kafin nama ya mutu.

Tiyata, da abin da dole ya biyo ta

Wuƙa tana cire tudu, amma tana bar wa jiki sabon rauni da ya fi na farko tsawo. Ƙwayoyin jini su sake fashewa, PDGF da TGF-beta su sake zuba, masaƙan da ke gefe kuma su ne dai waɗanda ba sa jin birki. Idan an cire fata mai faɗi aka jawo baki da baki da ƙarfi, an ƙara musu ja a kai. Haka abin yake, har ma ya fi muni, ga ɗaure ƙullutun kunne da zare har ya ruɓe ya faɗi, ko yi masa sakiya, ko ƙona shi da wani abu mai ci: rauni ne da ke yin mugunya ya daɗe bai rufe ba, kuma kowace rana da ya ƙara a buɗe ƙarin aike ne ga masaƙa.

Duk da haka akwai inda tiyata ce daidai. Ƙullutun kunne mai wuya, wanda ya kai girman goro ko ya wuce, allura ba za ta narkar da shi ba ko an shekara ana yi. Haka wanda ke tara mugunya a ƙarƙashinsa yana wari, da wanda ya hana gaɓa motsi. A kunne sau da yawa ana ƙwaƙule cikin ne a bar fatar sama a rufe da ita, don kada a ja. A sauran jiki ana sa ɗinki mai ƙarfi can ƙasa ya ɗauki nauyi, na sama ya zama haɗa baki kawai. Sharaɗin shi ne a tsara abin da zai biyo baya tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Zaɓi na farko allurar sitiroyid a bakin ɗinki, wata-wata, na tsawon wata uku zuwa shida, tare da matsi ko silikon. Wasu suna farawa ranar tiyata, wasu suna jiran mako biyu. Masu jira suna da hujja: maganin yana danne umarnin da raunin yake buƙata don ya haɗe, idan aka yi gaggawa a wurin da ke da ja ɗinki yakan buɗe.

Zaɓi na biyu gashi da na'urar haske, irin wanda ake yi wa masu cutar daji amma kaɗan kuma a saman fata. Yana kashe masaƙa da sabbin hanyoyin jini a daidai lokacin da suke rabuwa, don haka lokaci shi ne komai: ana so a fara cikin awa 24 zuwa 72 bayan yanka. Ƙirji da kafaɗa sukan samu jimlar Gy (ma'aunin yawan hasken) 15 zuwa 20 a raba kwana uku zuwa biyar, kunne kuma ƙasa da haka, kusan 10 a zama biyu. Da wannan haɗi dawowar tabo takan sauka zuwa kusan ɗaya cikin biyar ko ƙasa. Babu hanyar da ta kai shi ga babban kiloyid na ƙirji. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen gashi, amma ko a ina za a yi, a samu ranar gashi a rubuce kafin a sa ranar tiyata, domin gashin da aka yi bayan mako uku ya rasa mafi yawan amfaninsa. Yana iya sauya launin fata. Haɗarin ya jawo cutar daji daga baya ƙarami ne ƙwarai amma ba sifili ba ne, shi ya sa ba a yi wa yara da masu juna biyu, kuma ana kaffa-kaffa da maƙogwaro da ƙirjin budurwa.

Sauran da ake tallatawa

Daskarar da tabo da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, yana aiki a ƙananan tabo, sai dai ƙwayoyin launin fata suna mutuwa tun a kusan digiri 5 ƙasa da sifili, tun kafin sanyi ya kai ga masaƙa. Baƙin mutum yakan musanya tudu da farin tambari, wani lokaci na dindindin. Hasken leza mai bin jan jini shi ma launin fata yana shanye shi, yana iya ƙona mu. Man shafawa mai ruwan albasa hujjarsa ba ta da ƙarfi, kuma ko da Sakkwato gidan albasa ce, goga ɗanya a kan tabo ƙaiƙayi kawai yake ƙarawa. Mayukan bilicin masu sitiroyid ba sa ratsa taurin kiloyid, lafiyayyar fatar da ke kewaye suke sirantawa.

Wanne ga wa

Ƙaramin kiloyid, sabo, mai ƙaiƙayi, a ko'ina yake: tirayamsinolon wata-wata, a ƙara silikon tsakanin zama da zama. Wanda ya ƙi sauka bayan zama uku ko huɗu, ko wanda hasken fata ya fara damu: a koma haɗin 5-FU, in babu ciki kuma zuwa zai yiwu. Babban ƙullutun kunne: tiyata, allura, matsi, duka ukun, kada a sake huda wannan kunne. Na tsakiyar ƙirji mai faɗi shi ya fi kowanne taurin kai, mu dai ba ma ba da shawarar a sa masa wuƙa sai gashi yana jira. Idan babu, gara a zauna kan allura da nufin kashe ƙaiƙayi da rage tudu, a gaya wa mai shi gaskiya cewa fata ba za ta koma kamar da ba. Yaro ƙarami: silikon da matsi tukuna, sitiroyid kaɗan idan ya zama dole.

Gidan da aka san da kiloyid su gaya wa likita kafin kowace tiyata, su gaya wa wanzami kafin ƙaho ko tsaga, musamman a baya da kafaɗa. An lura hudar kunne da aka yi kafin shekara 11 ba ta cika jawo shi ba kamar wadda aka yi bayan haka, abin da ya dace da abin da muke gani: hudar jarirai takan wuce lafiya, ta biyu da ta uku da 'yan mata ke yi don kwalliya ita ke kawo su asibiti.

Kowace hanya aka bi, a ɗauki hoton tabon da waya ranar farko, a ajiye rula a gefensa, a maimaita duk wata a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido yana mantawa. Bibiya tana kai shekara biyu, tunda yawancin masu dawowa a cikin wannan tsakani suke dawowa. Alamar farko ba tudu ba ce. Ƙaiƙayi ne a gefe ɗaya na tabon, ko ɗan tauri kamar ƙwayar gero idan aka shafa da yatsa. A wannan mataki allura ɗaya ko biyu takan kwantar da shi.